Rawar Allurai

Da layin ya fara tsalle a kan allon kwamfuta, Uwar Ɗaki ba ta yi wata-wata ba ta ɗora laifin a kan wayoyin na'ura. Duk wanda ya tsufa a ɗakin gwaji haka yake. Zai zargi waya, ya zargi wutar lantarki, ya zargi motar da ta wuce a titi, amma ba zai taɓa sako kansa cikin lissafi ba. Layin nan kore ne, siriri, aikinsa ya taso daga hagun allo ya nufi dama a hankali. To sai ga shi kwanan nan tana cikin kallonsa yana can gefen hagu, ƙiftawar ido ta gan shi ya kusa ƙarshe, tsakiyar duk an zana ba da saninta ba.

Ta sa aka canja wayoyi. Ta kwance akwatin awo ta hure ƙurar ciki. Ta hana kowa jona butar shayi a bangon ɗakin. Dogo ne ya sha wahalar rarrafe a ƙarƙashin tebura da ƙafafun nan nasa marasa iyaka. Tun yana ɗalibi ya zo wurinta, ga shi yanzu har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya musa mata ba. Shi ne ma ya laƙaba mata Uwar Ɗaki, sunan ya bi ta har ofishin shugaban sashe.

Wata safiya ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya karkaɗe gwiwa, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malama, na'urar nan fa lafiyarta ƙalau."

"To waye ba shi da lafiya? Ni?"

Dogo ya yi ta maza ya ce, "Jiya ban kalli allo ba, ke na kalla. Layin bai yi tsalle ba, tafiyarsa yake yi. Ke ce kika tafi. Idonki a buɗe, na kira ki ba ki amsa ba. Sai kika ja numfashi kika ce min, ka gani ko, ya sake."

Likitar zuciya mace ce mai magana a hankali. Ta manna wa Uwar Ɗaki wayoyi a ƙirji, abin da ya ba ta dariya, yau ga mai awo ana auna ta. Da sakamako ya fito likita ta ce zuciyarta kan tsaya ta huta ba tare da neman izinin kowa ba, kuma hutun ƙara tsawo yake yi. Magani mai sauƙi ne, in ji ta. Ɗan batiri za a binne a ƙarƙashin fata kusa da kafaɗa, duk lokacin da zuciya ta yi gyangyaɗi sai ya zungure ta.

"Wane aiki kike yi, Mama?"

"Maganaɗisu nake bincike a kai."

Likita ta ajiye biro. "Babba?"

"In kika shiga da makulli a aljihu, sai dai ki bi shi da kallo."

"To, Mama, in an sa batirin nan, ke da shi sai daga nesa. Maganaɗisu irin wannan zai iya ruɗa batirin gaba ɗaya. Ba ke ba shiga ɗakin."

Uwar Ɗaki ta gyara zaman tabarau, ta ce akwai wani ɗan aiki da take son ƙarasawa tukuna. Likita ta ce kada ya daɗe. Ta ce ba zai daɗe ba, kuma ta faɗa da irin muryar da ɗalibai kan yi mata alkawarin kawo aiki gobe.

Ɗakin da ake magana a kai ba wani abin kallo ba ne. Tsakiyarsa farin tanki ne da ya fi mutum tsawo, a cikinsa maganaɗisun yake kwance cikin wani irin sanyi da ƙanƙara ba ta isa ta kama ƙafarsa ba. Ba a kashe shi. In ya ɗumama, sake sanyaya shi aikin makonni ne, don haka injin sanyinsa kullum cikin kuka yake, cik-cuk, cik-cuk, har kunne ya daina ji. Tsanin katako ne jingine da tankin. A can sama akwai wata doguwar sanda da ake zura samfurin gwaji da ita zuwa tsakiyar maganaɗisun, a kanta kuma ɗan ƙarfen tagulla mai kama da murfin kwalba, wanda ke juya samfurin a ciki. Kunne suke ce masa, tunda murɗa shi ake yi. Tun da aka kafa tankin, yatsun Uwar Ɗaki kaɗai suka san kunnen nan. Ta kan ce Dogo hannun noma gare shi.

Abin da ke ƙasan sandar kuwa ɗan gilashi ne bai fi farce ba, an shimfiɗa masa fatar maganaɗisu. Fata suke cewa don rashin wata kalma, amma hucin baki a kan madubi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. A cikin fatar akwai ƙananan allurai da ba su ƙirguwa, kowace da kanta da gindinta. Babban maganaɗisu yakan tsayar da su cak. Sai a aiko da igiyar rediyo ta riƙa tunkuɗa su, su kuma su kama rangaji suna kewaya kansu kamar mazari. In tunkuɗar ta zo daidai da takunsu, sai duk su ɗauka tare, su shanye igiyar, nan take koren layin ya faɗa rami ya fito. Rami mai faɗi yana nufin allurai ragwaye ne, sun taka kaɗan sun gaji. In ramin siriri ne, to an samu masu rawa ba gajiya, kuma su Uwar Ɗaki ta ƙarar da ƙuruciyarta tana nema.

Fatar da ke cikin tankin yanzu ita ce mafi kyau da ita da Dogo suka taɓa shimfiɗawa, bayan ɗaruruwa da suka tafi kwandon shara. Gimbiya suke ce mata, don ba a taɓa ta sai da safar hannu, ba a numfashi kusa da ita. Lissafi ya nuna cewa a wata kusurwa guda, in an murɗa kunne daidai, Gimbiya za ta ba da ramin da bai fi silin gashi ba. Matsalar ita ce rami irin wannan wuce shi ake yi ba a sani ba, sai mai haƙuri da hannu mai taushi. Uwar Ɗaki tana son hannunta ya kasance a kan kunne, idonta a kan allo, ranar da ramin zai zo. Bayan haka su binne mata duk batirin da suka ga dama.

Akwai kuma abin da ba ta gaya wa likita ba, wato inda take zuwa ɗin nan yana da daɗi.

Ba duhu take gani ba. Kukan injin ne yake yin nisa, sai ta tsinci kanta tsaye a wani fili mai haske wanda ba shi da rana ba shi da inuwa. Ƙasa santsi gare ta, da ɗan sanyi a tafin ƙafa. Ko'ina allurai ne, dogaye har sun kai mata kafaɗa, farare tas, jere har inda ido ya ƙare. Sai wata iska da ba a jinta a fata ta taso daga can nesa, na farko su karkata su fara kewayawa, su miƙa wa na kusa da su, su ma su miƙa gaba, rawar ta riƙa matsowa tana matsowa har ta iso gare ta ta ratsa ta wuce. Ba ta jin ciwon gwiwa a wurin. Ba ta tuna taron sashe. Ta kan miƙa hannu ta taɓa guda, ta ji tana ɗan rawa a ƙarƙashin yatsa. Shekara da shekaru tana kallon inuwarsu a allo, ga shi yau sun buɗe mata ƙofa, ina dalilin gaggawar rufewa?

A gida kuwa ba ta samu wannan sauƙin ba. Mijinta gyaran agogo yake yi, shagonsa a gaban gidan yake, kuma tun suna sabon aure ya kafa mata doka. Da ta shigo sai ta zube makullanta da ƙarafan gashinta a wani kwano da ke bakin ƙofa, nesa da teburinsa, domin duk abin da ya je ɗakin nan da maita yake dawowa. Sau ɗaya ta manta ta ajiye makulli kusa da agogon wani, agogon ya kama gudu kamar an biyo shi. Har cokulan gidan sun koyi manne wa juna.

Yanzu kuwa da ta zube makullai sai ya kama wuyan hannunta, ya ɗora yatsu biyu, ya lumshe ido kamar yadda yake sauraron agogon da aka kawo masa.

"Kin ji, ta tsallake," in ji shi. "Ga wani. Maman yara, da agogo ce ke da tuni na buɗe bayanki."

"Saki hannuna, Baban yara, abinci zan duba."

"Na duba. Yaushe za ki koma wurin likita?"

"Na kusa. Kwana kaɗan ya rage."

"Haka kika ce wancan makon. Auta ta bugo, na ce mata kina lafiya. Kin mai da ni maƙaryaci da tsufana." Ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya juya shi a hannu. "Ni ban san allurai ba, ban san rami ba. Na dai san in kika faɗo daga tsanin nan, ba su za su zo su zauna da ni ba."

Tausayinsa ya kama ta har ta kasa kallonsa. Ta ji kunya kuma, don ta san gaskiya ya faɗa. Amma da gari ya waye ta kwashi makullanta daga kwano.

Ranar an kwana ana ruwa. Ta sauka daga bas a gaban gidan burodi, ta bi gefen titi tana kauce wa kududdufai. Masu shaguna suna ta ɗaga ƙofofin ƙarfe. A bakin wani garejin gyaran mota mai ya zuba a kan ruwa ya bazu, ya yi ja da kore da shuɗi, ta tsaya tana kallo har wani mai keke ya yi mata ƙararrawa. Wannan ma fata ce, ta faɗa a ranta, ga ta a banza a titi, mu muna can muna kashe kanmu.

Da ta shiga ɗakin ta tarar an jera kwalaye da soso a gindin tsani.

"Wannan kuma fa?"

"Sharar sito ce, Malama, na rasa inda zan ajiye."

"Sharar sito. Kai da ƙarya ba ku dace ba, Dogo." Ta ture kwali ɗaya da ƙafa, amma ba ta ce a kwashe ba. Ta cire agogonta da zobe ta sa a aljihun tebur, ta hau tsanin tana riƙe gwiwa. Dogo ya kunna igiyar rediyon, ya juyo mata da allo, sannan ya zo ya tsaya a bayanta yana wasa da wata waya da ba ta buƙatar gyara.

Ta ɗora yatsu uku a kan kunne. Tagullar da sanyi, sai ta ɗauki ɗumin hannunta. Ta murɗa kaɗan, ƙasa da kaɗan ma, ta jira layin ya tafi ya dawo. Ba komai. Ta ƙara. Hantsi ya yi, ruwan ya ɗauke, hasken taga ya sauko daga bango zuwa ƙasa. Dogo ya kawo shayi ya huce a kan tebur. Ita dai murɗawa take, tana jira, tana murɗawa. Wurin azahar layin ya yi wani ɗan lanƙwasa a tsakiya, abin da wani zai ɗauka datti ne a jikin allo.

"Ka gani?" ta ce da raɗa.

"Na gani, Malama."

Ta koma baya da kunnen, ta sake matsowa a hankali. Lanƙwasar ta ƙara zurfi. Ta matse leɓe, ta riƙe numfashi kamar yadda ta saba in abu ya zo kusa, don ko numfashi yana girgiza sanda. Layin ya taso daga hagu. Kukan injin ya yi nisa.

Filin ya fi kullum haske. Allurai duk sun tsaya cak, suna jira. Sai iskar ta taso, amma wannan karon rawar ba ta wuce ta mutu a baya ba. Ta zo, ta wuce, ta kai ƙarshen fili ta dawo, ta sake dawowa, babu wadda ta gaji, babu wadda ta saɓa wa 'yar uwarta. Uwar Ɗaki ta ji ita ma ƙafafunta sun bar ƙasa kaɗan, ta fara kewayawa tare da su, a hankali, hannuwanta a buɗe. Ta yi tunanin ai ba sai ta koma ba.

"Malama! Malama, don Allah!"

Silin ɗakin ta fara gani, da fitilar nan mai ƙiftawa da ta daɗe tana cewa a canja. Bayanta a kan soso yake, kanta a kan hannun Dogo. Fuskarsa jiƙe take sharkaf. Tabaranta na can ƙarƙashin tebur.

"Ya zo?" ta ce.

"Malama, kin daɗe. Wallahi kin daɗe wannan karon."

"Tambayarka nake, ya zo?"

"Ya zo."

Ya ɗauko mata tabarau, ya tallafe ta ta zauna, ya kira hoton da kwamfuta ta adana. Ga shi nan. Koren layi ya taho abinsa, sai ya faɗa tsaye har ƙasan allo ya fito a wuri ɗaya, siriri har sai ta matso ta tabbatar rami ne. Ya fi yadda lissafi ya ce. Ta daɗe tana kallonsa. Farin ciki ya zo mata, amma baƙin ciki ya riga shi zama. Ta ji kamar matar da aka yi wa allurar barci, ta farka aka miƙo mata jariri a wanke aka ce nata ne.

A allon da ke aiki kuwa layin ya koma shafal. Da za ta faɗo hannunta ya ja kunnen, kusurwar ta ɓace.

"Ba nisa ya yi ba," ta ce tana dafa tebur. "Yatsuna sun san wurin. Matsa."

Dogo bai matsa ba. Ya tsaya a gindin tsani, ya riƙe shi da hannu biyu ta baya.

"Dogo, da kai nake."

"Na ji, Malama. Ba za ki hau ba."

"Ni kake gaya wa haka? A ɗakina?"

"A ɗakinki." Ƙafarsa ba ta motsa ba. "Ki kore ni in kin so. Amma ki duba, ko na bar ki kin hau, ba ke za ki gani ba. Na lura tun tuni. Da abu ya zo kusa kike riƙe numfashi, da kin riƙe kuma kike tafiya. Sau goma in ya zo, sau goma ba kya nan. Ni zan ta gani, ina tare ki."

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta ga ai awo ne ya kawo mata. Aikinta ke nan tun tana budurwa, in awo ya faɗi abu a karɓa ko da ba a so, kuma ita ta koya masa. Ta dubi tsanin, ta dubi kunnen yana ƙyalli can sama. Ashe tun makonni ta riga ta bar ɗakin nan, gangar jikinta ce kawai take zuwa. Ta koma ta zauna a kan kwalayen da ta raina da safe.

"Kira min Baban yara," ta ce. "Ka ce ya rufe shago. Kada ka ce na faɗi, ka ce na gama."

Aikin asibiti bai ɗauki wani lokaci ba. Ta farka da ɗan tudu a ƙasan kafaɗar hagu da ɗinki ƙanƙane. Mijinta yana gefen gado riƙe da wuyan hannunta, ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce wannan likita ta iya aiki, da za ta yarda da ya ɗauke ta a shago. Auta ta zo ta yi kuka ta yi faɗa ta koma. Jiri ya tafi, numfashi ya dawo, hawa bene ya daina zama tafiya. Filin ma ya tafi. Ta kan lumshe ido da rana ta jira, sai dai ta ji ƙarar agogunan shago. Ta yi kewarsa sosai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa ba a ce ta yi butulci ba.

Da ɗinki ya warke ta koma aiki. Dogo ya bi barandar ɗakin gwajin da abin awo yana neman inda ƙarfin maganaɗisun ya mutu, ya samu daidai bakin ƙofa ta waje. Ƙofar tana da gilashi a sama. Ya ajiye mata kujera a wurin, ya ɗora allon a kan doguwar kujera daga ciki yana fuskantar gilashin. Bai taɓa kunnen ba duk tsawon jinyarta, ya ce ba zai fara ba sai tana kallo.

Ba ta zauna ba. Ta tsaya goshinta ya kusa taɓa gilashi, masu wucewa suna gaishe ta tana amsawa ba ta juyo ba. Daga nan ɗakin ya yi mata ƙanƙanta, kamar na wasu. Kukan injin ma da ƙyar yake fitowa. Ta ga Dogo ya hau tsanin, matakala biyu sun ishe shi, ya goge hannu a riga, ya sake gogewa, sannan ya kama kunnen da yatsu biyar kamar mai buɗe kwalbar magani.

Ta ƙwanƙwasa gilashi. "Uku! Yatsu uku!"

Ya gyara. Ya murɗa.

"A hankali, kai! Famfo kake buɗewa?"

Ya yi dariya, tana ganin kafaɗunsa na motsi, ya koma baya ya sake. Kishi ya kama ta, mai zafi, irin wanda ba ta taɓa zaton za ta ji a kan Dogo ba. Ta haɗiye shi. Layin ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Wata mai shara ta zo da tsintsiya, ta ga yadda take tsaye, ta kewaye ta ta wuce. Hasken baranda ya sauya. Sau biyu yana wuce wurin, sau biyu tana buga gilashi tana nuna masa hagu da hannu, har ya fara gane nufinta tun kafin ta buga.

Sai lanƙwasar ta bayyana.

Ta ga ya tsaya. Ta ga ya matse leɓe, ƙirjinsa ya daina motsi. Ita ma ta riƙe nata numfashin ba ta sani ba, ta jira kukan injin ya yi nisa kamar yadda ya saba. Bai yi ba. A ƙasan kafaɗarta abin nan yana aikinsa, zuciyarta na bugawa ɗaya bayan ɗaya, barandar tana nan, gilashin yana nan da sanyinsa a goshinta.

Layin ya taso daga hagu. Ta bi shi da ido, ba ta ƙifta ba. Ya zo tsakiya, ya ɗan yi jim, sai ya gangara. Ta ga saukarsa tun daga baki har ƙasa, ta ga ya taɓa gindin allo, ta ga ya hau ya fito ya ci gaba da tafiyarsa kamar bai yi komai ba. Ya koma hagu ya sake tasowa, ya sake faɗawa a wuri ɗaya. Ta kalli na biyu, ta kalli na uku. Hawaye suka cika tabaran, ta cire shi ta goge da sauri don kada na huɗu ya wuce ta.

Dogo ya juyo daga saman tsani, bakinsa har kunne, ya ɗaga hannu zai yafito ta. Sai ya tuna ba ta shiga, hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi a hankali.

Ta gyaɗa masa kai, ta yi masa alama ya riƙe wurin kada ya motsa. Sai a lokacin ta ji wani abu a tafin hannunta. Ta duba, ashe maɓallin rigarta ne. Tun ɗazu take murɗa shi da yatsu uku, a hankali, har zaren ya tsinke.